Murfin da Kaka Ke Zama a Kai

Hannunsa na fara gani. Gobara ce ta tashi da hantsi a gidan burodin da ke bakin lungunmu a unguwar Karantina ta Jidda, tukunyar gas ta fashe, hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin bangon maƙwabta. Ni ina kan rufin gidanmu, na hau kwashe shanya. Sai ga motocin kashe gobarar nan masu ruwan ɗorawa sun tsaya a bakin titi, don lungunmu ba ya ɗaukar mota, maza masu kaki suka diro suna jan tiyo. Da wutar ta mutu, ɗaya daga cikinsu ya koma gefe yana naɗe igiya daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, a hankali, kamar ba shi ne ya fito daga cikin hayaƙi yanzu ba. Sannan ya cire hular ƙarfensa ya zuba ruwa a ka. Dogo ne, siriri, girarsa a haɗe. Bai ɗaga kai ya dubi sama ba. Ni kuwa na tsaya rungume da zannuwan Ummi, mahaifiyata, har rana ta gasa mini ƙeya.

A lokacin ban cika shekara ashirin ba, kuma kaina cike yake da littattafan soyayya. Kafin in sauko daga bene na riga na raɗa masa suna, na ba shi uwa mai tsanani da ƙanwa mai son mu, na kuma tsara ranar da zai ɗauko ni daga cikin wuta ina sume.

Wadda ta cusa mini wannan ciwo ita ce Tanti. Mutuniyar Maraɗi ce, ta zo Umara ta zauna, ba ta koma ba. Tana haya a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanmu, sana'arta kuma lalle, amaren unguwa kaf ita ke zana musu hannu. A ƙarƙashin gadonta akwai wata jaka cike da littattafai, waɗanda alhazai ke zuwa da su daga kasuwar Kano, bangonsu duk ya yi laushi saboda yawan hannun da ya bi ta kansu. Ni haifaffiyar Jidda ce, karatuna da Larabci na yi shi, Hausar bakina ta kicin ce kawai. Tanti ce ta zaunar da ni ta koya mini karatun boko da waɗannan littattafai, tana karanta shafi ɗaya ina karanta ɗaya, in na yi tuntuɓe ta dungure mini kai.

Da na ba ta labarin mai igiya, sai da ta yi dariya har lallen da take kwaɓawa ya fantsama mata a zane.

"Ke 'yar Larabawa, duk mazan Jidda ki rasa wanda za ki so sai mai kaki? So kike ki kawo mini ajalina har ɗaki?"

"Tanti, ai ba irin waɗancan ba ne. Waɗannan ceto suke yi. Gobara, ruwa, rushewar gini."

"Bon. Ni dai kaki ɗaya na sani. In ya shigo neman aurenki, ki ce masa ya tuɓe a waje."

Kaka, mahaifiyar Baba, tana jin mu daga inda take zaune. Ita ta san masu ceton nan tun ba su zama haka ba. Ta sha ba mu labarin ƙuruciyarta a Ruwais, lokacin da mutanenmu da suka zo aikin Hajji a ƙafa suke zaune cikin bukkokin kara da gwangwani a bakin teku. In wuta ta kama bukka ɗaya, sai ta lashe layi guda. Ta ce a wancan zamani mota ɗaya ce ke zuwa, da ƙararrawa a kanta, mutanen cikinta kuma kowa ya san su, wani ma ɗan unguwa ne, in sun gama a ba su shayi. Daga baya aka mayar da su kamar sojoji, aka ba su kaki da igiyoyi a kafaɗa, aka ƙara musu aikin ambaliya da taron alhazai, aka saya musu kwale-kwalen roba da jirgi mai saukar ungulu.

"Aikinsu ya ƙaru, kayansu sun yi kyau," in ji Kaka. "Amma tun ranar da suka sa kaki, ba wanda ya ƙara ba su shayi a lungu irin namu."

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Rabin mutanen Karantina ba su da iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar. Mu muna da ita, ta hannun kafilin Baba, wato ubangidan da ya tsaya masa, wanda yake yi wa tuƙin babbar mota a tashar jiragen ruwa. Tanti ba ta da ita. Duk wanda aka kama ba shi da kati, gida za a mayar da shi, kuma ba ya dawowa. Saboda haka unguwa ta yi wa kanta dabara. Duk matar da ta fara hango kaki a bakin lungu, sai ta ɗauki ludayi ta buga a jikin bututun ruwan gidanta. Ta gaba ta ji ta buga nata. Kafin mai kaki ya kai tsakiyar lungu, ƙarar ta riga shi isa ƙarshe. Ba a tsayawa tambayar wane iri ne, ko me ya kawo shi.

Kowane gida kuma da maɓoyarsa. Tamu tsohon tankin ruwa ne da aka gina a ƙarƙashin tsakar gida, irin wanda motar ruwa ke cikawa. Ƙasar Karantina gishiri ce, ta ci bangonsa ya tsage, aka daina zuba masa ruwa tun ina ƙarama. Zurfinsa ya fi tsayin mutum, da tsanin ƙarfe mai tsatsa a jikinsa, da murfin ƙarfe daidai da ƙasa. In ludayi ya yi ƙara, Tanti ta sauka, Ummi ta mayar da murfi, ni in shimfiɗa tabarma, Kaka ta zauna a kai ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Babu namijin da zai ce wa tsohuwa mai carbi ta tashi. Sau da yawa an shigo, an leƙa ɗakuna, an gaishe da Kaka da ladabi an fita. Tanti ta fito da yanar gizo-gizo a ɗankwali tana tsine wa kyankyasai.

Wata rana bayan ta fito, ta durƙusa a gaban Kaka ta kama ƙafarta.

"Hajiya, alkawari nake so ki yi mini. Komai za su ce, komai za su yi, kada ki tashi. 'Ya'yana suna can wurin uwata, da hannun nan nawa suke ci. In aka mayar da ni, me zan kai musu? Gara a binne ni a nan, ai ƙasa mai tsarki ce."

Kaka ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ni da gwiwar nan tawa ina zan tashi in je? Na yi miki alkawari."

Muka yi dariya dukanmu. Ni har na ji abin ya yi mini daɗi, don ya yi kama da irin alkawuran da ake yi a littafi.

Jidda ba ta saba da ruwan sama ba. Shekara takan wuce ba a ga ko yayyafi ba, in kuma ya zo yara su fita suna ihu, manya su ɗaga hannu suna addu'a. Amma garin ba shi da inda ruwa zai bi. Duwatsu suna gabas, teku yana yamma, mu kuma muna kwance a ƙasa-ƙasa kusa da teku, duk abin da ya gangaro kanmu yake ƙarewa.

Ranar da abin ya faru, tun da safe iska ta tsaya cak. Sama ta yi wani launi kamar tsohon tagulla. Na fito wanke kwanuka na ga kyankyasai suna fitowa daga magudana da farar safiya, suna hawa bango a jere. Kuliyoyin lungu duk sun haye kan katanga sun yi shiru. Saƙo ya shigo wayar Ummi cewa kowa ya zauna a gida, a guji kwari da ƙarƙashin gada. Ummi ta karanta ta ajiye, ta ce ai mu ma a gida muke. Baba ya riga ya fita aiki tun asuba.

Wajen hantsi ruwan ya sauko. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ɗigo-ɗigo yake zuwa ba, kamar an kifar da baho ne daga sama. Da farko na ji daɗi, na tsaya a bakin ƙofar ɗaki na miƙa hannu ina tarawa, ina tunanin mai igiya, ina cewa yanzu yana can wani wuri rigarsa ta jiƙe. Tanti tana ɗakinta tana ɗora jakar littattafai a saman kwaba. Kafin azahar wutar lantarki ta ɗauke. Lungu ya zama rafi, ruwa baƙi mai wari yana ɗauke da robobi da takalma. Gidanmu yana da dakali a bakin ƙofa, shi ya tare shi, amma kana jin yana lasar ƙofar ƙarfen daga waje.

Ruwan saman ya ɗan lafa. A cikin wannan lafawar ne muka ji ludayi.

Daga nesa ya fara, can bakin titi, ya yi ta matsowa gida-gida. Jikinmu ya riga ya san aikinsa. Tanti ta fito da gudu ba takalmi, Ummi ta ɗaga murfi. Na leƙa na ga ƙasan tankin yana ƙyalli.

"Tanti, akwai ruwa a ciki."

"Iya idon sawu ne. Matsa mini."

"Ki hau rufi mana," in ji Ummi.

"Rufi? Inda kowa zai gan ni daga titi? Yaya, rufe kawai, yanzu za su wuce."

Ta sauka. Ummi ta mayar da murfi. Na shimfiɗa tabarma a kan jiƙaƙƙen siminti, Kaka ta fito dafe da bango, ta zauna, ta yafa mayafi a ka, ta ciro carbi. Ummi ta ɗauki ludayi ta buga namu bututun don na gaba su ji.

Aka buga ƙofa da ƙarfi. Da Ummi ta buɗe, ruwa ya riga mutanen shigowa, ya tsallake dakali ya bazu a tsakar gida. Su biyu ne, sanye da rigar iyo mai ruwan lemo a kan kakinsu, jiƙe sharkaf har ƙugu. Na gaba gajere ne, baƙi, mai tumbi, da furfura a gemu. Na bayansa kuwa shi ne. Igiyar tana rataye a kafaɗarsa.

Sau nawa na tsara wannan shigowa a raina. Ga shi ya shigo, ni kuma abin da nake ji kawai shi ne sanyin ruwa a tafin ƙafata.

Gajeren ya yi sallama, ya yi bayani da Larabci cikin sauri. Ya ce ruwan da muka gani ba komai ba ne, na duwatsu yana tafe, ya riga ya cinye unguwannin gabas. Ana kwashe duk mutanen lungu zuwa makarantar da ke kan tudu, kwale-kwale yana bakin titi. Ya tambaya mu nawa ne a gidan.

"Mu uku," in ji Ummi.

"Yalla, ku ɗauki magani da takardunku, ku fito. Hajja za mu ɗauke ta."

Ummi ta ce su je su fara da maƙwabta, mu za mu shirya, tsohuwa ba ta son a taɓa ta. Ya ce babu lokacin dawowa. Ta ce to mu za mu hau rufi. Ya dubi bangon gidanmu, wanda gishiri ya ci gindinsa, ya girgiza kai.

Ni ina kallon ruwan. Ya riga ya kai gefen tabarma, yana shigewa ƙarƙashinta. Murfin nan bai taɓa rufuwa ruf ba, akwai tsaga a gefensa da ɗan yatsa ke shiga. Na san inda ruwan ke tafiya. Har ina jin ƙararsa, siririya, kamar ana tsiyaya shayi a kofi daga nesa. Na kuma san bangon tankin a tsage yake, ƙasa kuma ta ƙoshi.

A littattafan Tanti, in budurwa ta shiga uku ba ta buƙatar magana. Kallo ɗaya take yi wa saurayi ya gane komai. Na ɗaga ido na dubi mai igiya, na sauke shi kan tabarma, na sake dubansa. Na yi haka har idona ya kawo ruwa. Ya dube ni, karon farko kenan a duniya, ya nuna ƙofa da hannu.

"Yalla ya ukhti, waje. Da sauri."

Ya sunkuya zai kama hannun Kaka. Kaka ta fizge, ta ɗaga murya da salati, ta ci gaba da jan carbi. Zanenta ya jiƙe har cinya, amma ta dasa tafin hannu ɗaya a kan tabarma kamar an kafa shi da ƙusa.

Gajeren ya ɗaga wa abokinsa hannu ya dakata. Ya tsaya yana kallon Kaka, ya kalli ƙofar ɗakinta a buɗe, da busasshen gado a ciki. Ya kalli yadda ruwan tsakar gida ke karkata duk ya nufi wuri ɗaya. Sannan ya tsuguna a cikin ruwan, dab da ita, ya yi magana da wata irin Hausa mai nauyi, kamar wadda ta daɗe a akwati.

"Kaka. Ba a jan carbi a tsakar gida cikin ruwa. Kakata ma haka take zama."

Ummi ta dafe ƙirji. Kaka ba ta dube shi ba.

"Ni ba takarda na zo nema ba. Wallahi, ba aikina ba. Mutum nawa a ƙasa?"

"Duk haka kuke cewa," in ji Kaka.

"Na'am. Amma ruwa ba ya cewa komai, shiga yake. In ya hau kan murfi, ko mu biyu ba ma iya ɗagawa. Shi ke nan."

Daga nesa aka ji wani irin ruri, ba tsawa ba ce, ƙasa-ƙasa yake kamar manyan motoci sun jeru suna tahowa. A lungu mata suna kiran sunayen 'ya'yansu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun da ke ƙarƙashinmu. Na kasa kunne ko Tanti za ta ƙwanƙwasa, ko ta yi tari, ko ta kira Ummi. Da ta ƙwanƙwasa sau ɗaya da ta warware wa Kaka alkawarinta. Ba ta ƙwanƙwasa ba.

Ummi ta durƙusa. "Hajiya."

"Na yi mata alkawari."

"Hajiya, don Allah."

Kaka ta rufe ido. Leɓɓanta suna motsi, ban san ko addu'a take yi ba ko magana take da wadda ke ƙasa. Ruwa ya rufe tabarma, ya kai mata ƙugu a zaune. Sai ta naɗe carbin a wuyan hannu, ta miƙa mini hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, uwar mafarki. Ɗaga ni."

Na ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Suka yaye tabarma, suka sa ƙarfe a gefen murfi, su biyu suna nishi kafin ya ɗago. Ruwan tsakar gida ya rufta ciki da ƙara. Gajeren ya haska fitila. Tanti tana maƙale a saman tsani, kanta a manne da inda murfin yake, ruwa ya kai mata haɓa. Ta cusa gefen ɗankwalinta a baki ta cije, don kada ta yi ihu. Idanunta a buɗe suke, amma ba mu take kallo ba, kakin take kallo. Da hasken ya sauka a kanta, sai ta saki tsani ta nutse.

Mai igiya ya kwanta rub da ciki a cikin ruwa, ya zura hannu har kafaɗa, gajeren ya riƙe masa ƙafafu. Ya laluba, ya laluba, ya kamo ta ta wuyan riga. Tana fitowa ta gantsara masa cizo a hannu, hannun nan da na fara gani, har jini ya biyo yatsunsa. Bai sake ta ba. Ya jawo ta waje, ya kifa ta a gwiwarsa tana amayar da baƙin ruwa. Tsanin ya yage mata ƙwauri, naman a buɗe.

A kwale-kwalen roba aka fitar da mu, ana jan sa da igiya a cikin lungun da na yi wasa tun ina rarrafe. Ba mu daɗe da isa titi ba ruwan duwatsu ya iso. Na waiwaya na ga ya shiga lungu kamar bango mai tafiya, da firji a kansa yana juyawa.

A bakin titi motar asibiti tana jira. Tanti ba ta iya tsayuwa, numfashinta yana ƙara kamar ana jan zarto. Ummi ta riƙe ta ta ce ba inda za a kai ta, mu za mu yi jinyarta. Gajeren ya ja Ummi gefe, ya koma Larabci.

"Ni ban ga komai ba, ban tambayi komai ba. Amma ruwan nan ya shiga huhunta, in ta kwana haka ba za ta kai gobe ba. Asibiti kuma ba nawa ba ne, ban san abin da za a tambaye ta a can ba. Ku zaɓa."

Ummi ta saki hannunta. Da ana sa ta a mota, Tanti ta buɗe ido ta nemi Kaka, wadda ke zaune a gefen titi lulluɓe da bargon da aka ba ta. Ta dube ta kawai. Kaka ta sunkuyar da kai. Mai igiya yana can gefe wani yana ɗaure masa hannu, kafin a gama an kira shi, ya koma cikin ruwa. Ban ƙara ganinsa ba.

Tanti ta warke. Da ta warke aka tambaye ta katinta, kamar yadda ake tambayar kowa, daga nan aka wuce da ita inda ake tara masu komawa gida. Ummi ta kai mata kayanta a can. Littattafan ba su tsira ba, ruwa ya kai har saman kwaba, suka zama dunƙulen takarda guda.

A makarantar da aka tara mu, magana ta yi ta yawo a tsakanin mata. Wasu suka daina gaishe da Kaka. Na ji wata tana cewa da ta ƙara haƙuri kaɗan da mutanen sun gaji sun fita, ai ba a taɓa jin tsohuwa ta tashi ba, yanzu wa zai ƙara yarda da tabarmar wani. Haka aka yi ta yi har ruwa ya janye aka koma gidaje. A gidan da ke bayan masallaci, su ma sun ji ludayi a ranar, su ma suna da tanki. Su sun riƙe bakinsu, suka bi masu ceto suka fita, da niyyar dawowa da an wuce. Wani magini ne ɗan Chadi a ciki. Masu motocin nan masu ruwan ɗorawa su suka dawo suka fito da gawarsa.

Daga ranar maganar ta mutu. Ba wadda ta zo ta ce wa Kaka ta yi daidai, amma an koma gaishe ta. Ludayi kuwa bai daina ƙara ba. Bayan 'yan watanni aka hango kaki a bakin lungu, na ji shi yana tahowa gida-gida kamar da, sai dai ya zo gidanmu ya tsallake, don Ummi ba ta ɗauki nata ba. Baba ya riga ya cike tankin da yashi ya shafe da siminti. Kaka ba ta ƙara zama a tsakar gida ba, ko da zafi ya kai zafi. In hadari ya haɗu sai ta ce a kira mata kowa na gidan ta gan shi da idonta.

Ta rasu kafin a rushe Karantina. Mu muka koma unguwar Kurayyat, cikin bene, hawa na sama, inda ba tanki ba tsakar gida. Na taɓa bi ta tsohuwar unguwarmu a mota, fili ne fetal, ban iya gane ko a ina lungunmu yake ba. Duk da haka in na ga motocin nan sun wuce da jiniya, har yau sai na dubi hannun waɗanda ke ciki.

Tanti ta yi shekaru ba ta neme mu ba. Babbar 'yarta ce ta samo lambata ta hannun wata mai zuwa Umara. Ranar da muka fara magana ta waya, Tanti ta tambayi Ummi, ta tambayi Baba, ta tambaya ko na auri mai kakina, ta yi dariya da na ce mai sayar da kayan gyaran mota na aura. Ba ta tambayi Kaka ba. Ni na gaya mata ta rasu. Sai ta tambaya:

"A nan aka binne ta?"

Na ce a nan.

"To. Ita ta samu."

Daga nan ta shiga ba ni labarin tsadar lalle.

Tana nan a Maraɗi da ranta. Tana ɗingisa ƙafar nan, tana yi wa amare zane a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, yaran da ta bari ƙanana duk sun girma a gabanta, har ta aurar da biyu. 'Yarta ta ce mini tun da ta dawo ba ta taɓa yarda a rufe ƙofar ɗakin da take ciki ba, kuma ba ta zuwa kusa da rijiya. Da daminar bara ta turo mini hotonta. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya shige ɗaki, ita kuwa tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne a tsakiyar fili, ta kifa baho a ka, ƙofar ɗakinta a buɗe a bayanta. 'Yar ta ce haka take yi duk lokacin da aka yi ruwa, sai ya ɗauke take shiga.